Mai Ciwon Suga da Mura Ta Sauka Masa a Huhu: Me Ya Sa Nasa Ya Fi Tsanani a Asibiti?

Tambaya: Likita, mahaifinmu yana da shekara 64, kuma ya kai shekara 12 yana fama da ciwon suga. Sati guda ya yi yana mura da zazzaɓi, daga baya numfashi ya fara gagararsa. Yau kwanansa huɗu a asibiti, an sa masa oksijin, sun ce ƙwayar bairos ce ta sauka masa a huhu. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne, ba ya cin abinci amma sugansa ya kai 23, an tsayar da ƙwayoyin da ya saba sha an koma yi masa allurar insulin, kuma maƙwabcin gadonsa da suka zo da ciwo iri ɗaya tun jiya aka sallame shi. Sugan ne ya sa nasa ya fi tsanani? Insulin ɗin nan alama ce ta cewa abin ya lalace?

Amsa: Sannunku da jinya, ɗan'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne.

Bari in fara da abin da ya fi tayar muku da hankali, wato allurar. Komawa insulin a irin wannan hali ba ya nufin an fitar da rai da Baba. Da ni ne ke duba shi, abin da zan yi ke nan tun daren farko, kuma da yawa daga cikin waɗanda muke yi wa haka suna komawa kan ƙwayoyinsu bayan sun warware. Game da ɗaya tambayar kuwa, eh, suga yana da hannu a tsananin ciwon. Ban ga Baba da idona ba, likitocin da ke kansa su ne suka san ainihin halin da yake ciki, amma zan faɗa maka abin da aka sani game da masu irin lalurarsa, don idan sun yi muku bayani ku gane inda suka dosa.

Tsanantar ciwon huhu ga masu suga ba sabon abu ba ne da korona ta zo da shi. Kusan duk annobar numfashi da aka yi a shekarun nan ta nuna hakan. A 2003, lokacin cutar SARS, likitocin birnin Toronto na Kanada sun lura cewa masu suga sun fi kaiwa ga na'urar numfashi ko mutuwa. A 2009, lokacin murar da aka yi wa laƙabi da murar aladu, wani bincike a birnin Montreal na Kanada ya gano cewa suga yana ninka yiwuwar kwanciya asibiti sau uku, kuma cikin waɗanda aka kwantar yana ninka yiwuwar shiga ɗakin kulawa ta musamman sau huɗu. Cutar MERS, wadda aka fara ganowa a Saudiyya a 2012 kuma ake dangantawa da raƙuma, a wani rahoto na farko-farko kan mutum 47 da ta kama, kashi 68 cikin 100 masu suga ne. Da korona ta zo, sai lissafin ya fito fili saboda yawan jama'ar da ta kama. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar Sin ta duba mutum 44,672 a farkon 2020: a jumlace kashi 2.3 cikin 100 suka rasu, a cikin masu suga kuwa kashi 7.3. A Ingila, daga 1 ga Maris zuwa 11 ga Mayu na shekarar, mutum 23,698 suka rasu da korona a asibitoci, kuma ɗaya cikin kowane uku mai suga ne. Bayan an cire tasirin shekaru da jinsi da talauci da sauransu, mai suga nau'i na biyu, irin na Baba wanda aka fi samu ga manya, haɗarinsa ya ninka na wanda ba shi da suga sau biyu, mai nau'i na ɗaya kuma, wanda jikinsa ba ya ƙera insulin, sau uku da rabi.

Kada alƙaluman nan su karya maka gwiwa. Ka sake duba na ƙasar Sin: kashi 7.3 sun rasu, wato sama da 92 cikin 100 ba su rasu ba, kuma wannan a lokacin da ba a san yadda za a yi da cutar ba, babu rigakafi, babu maganin da aka tabbatar.

Akwai kuma abin da alƙaluman suka ɓoye, wanda ni a ganina ya fi su muhimmanci. Masu suga ba duka suka taru suka zama ɗaya ba. A Faransa an bi mutum 1,317 masu suga da aka kwantar da korona a asibitoci 53 cikin Maris na 2020. Cikin kwana bakwai, ɗaya cikin biyar an sa masa na'urar numfashi, ɗaya cikin goma ya rasu. Da aka tona su waye suka fi rasuwa, sai aka ga tsofaffi ne, da waɗanda suga ya riga ya taɓa musu ƙoda ko ido ko jijiyoyin zuciya da na ƙafa. Ƙiba kuma ita ta fi alaƙa da kaiwa ga na'urar numfashi. Hausawa suka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shekara 12 na suga, musamman idan akwai hawan jini tare da shi, sukan bar tsagu a ƙoda da zuciya waɗanda mutum bai san da su ba don ba sa ciwo, sai ranar da wata cuta ta zo ta nemi jiki ya yi aiki ninki biyu. Maƙwabcin gadon Baba da aka sallama yana da ajiyar ƙarfi da zai ciro, Baba kuwa wataƙila tasa ajiyar ta ragu. Shi ya sa tambayar da nake fara yi wa iyalan mara lafiya ita ce: an taɓa ce muku ƙodarsa ta taɓu? Ƙafarsa na kumbura? Yana hawa bene ba tare da haki ba?

To, me ya kai suga 23, inda na mai lafiya yake wajen 5, alhali ba ya cin komai? Wannan tambaya kusan kullum sai an yi mini ita a bakin gado. Mutane sun ɗauka sugan jini daga kwano kawai yake fitowa. Hanta ma tana ƙera shi, tana kuma da rumbun da take ajiye shi. Idan cuta mai ƙarfi ta shiga jiki, jiki yakan ɗauka yaƙi ne ya ɓarke, sai ya saki sinadaran tashin hankali irin su kotisol da adirenalin. Su kuma sai su umarci hanta ta buɗe rumbu ta zuba suga cikin jini, su kuma sa tsoka ta daina sauraron insulin. Ga mai lafiya, gaɓar da ke ƙera insulin, wadda likitoci ke kira fankiriyas, takan ƙara himma ta daidaita lamarin. Ga mai suga kuwa, dama ta gaji, ba ta da abin ƙarawa. Sai suga ya yi ta hawa ko da mutum ya kwana uku bai sa komai a bakinsa ba. Wannan ne ya sa kuskuren da aka fi yi a gida yake da haɗari, wato a ce tunda ba ya cin abinci bari a dakatar da maganin suga gaba ɗaya. Ga mai nau'i na ɗaya, dakatar da insulin na kwana guda kawai yana iya kai shi gargara.

Idan sugan ya hau, ba zama yake yi shiru ba. Da zarar ya wuce wajen 10, ƙoda takan fara zubar da shi ta fitsari, shi kuma ya ja ruwa ya tafi da shi. Ga zazzaɓi na ƙone ruwa, ga numfashi da sauri-sauri na fitar da wani, ga mutum ba ya sha. Jini sai ya yi kauri, ƙoda ta rasa abin tacewa, majina ta kafe a ƙirji ta ƙi fita, gudan jini ya samu damar daskarewa a jijiya. Korona musamman ta shahara da daskarar da jini, kuma shi ya sa za ku ga ana yi wa wasu ƙaramar allura a fatar ciki kullum don tsinka shi. Sannan fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne dakarun farko da ke isa wurin da cuta take, sukan yi nauyin jiki cikin jini mai yawan suga: ba sa isa da wuri, idan sun isa kuma ba sa kashe abin da suka haɗiya yadda ya kamata. Akwai wani abu kuma da ba kowa ya sani ba. Ɗan ruwan da ke lulluɓe da hanyoyin iska a huhu, a lafiyayyen mutum sugan da ke cikinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na wanda ke jini ba, jiki ne ke tsare shi haka da gangan don kada ƙwayoyin cuta su sami abinci. Idan sugan jini ya yi yawa, sai ya tsatso cikin ruwan nan. Bairos ya riga ya kankare fatar hanyar iska, ga abinci a shimfiɗe, sai bakteriya su shigo su ɗora tasu nimoniyar a kan ta farko. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Alamarta ita ce mutum ya fara samun sauƙi kwana biyu, sai zazzaɓi ya dawo da ƙarfi, majina ta canza launi, buƙatar oksijin ta ƙaru. Idan kun ga haka, ku faɗa wa nas nan take, kada ku jira zagayen safe.

Yanzu maganar ƙwayoyin da aka tsayar. Ban san waɗanda Baba ke sha ba, amma na san waɗanda aka fi rubutawa. Metfomin magani ne mai kyau ƙwarai a zaman lafiya, sai dai ƙoda ce ke fitar da shi, kuma idan ƙoda ta raunana ga ƙarancin oksijin, yana iya taruwa ya taimaka wajen sa jini ya yi tsami. Gilibenkilamaid, wanda mutane suka fi sani da Daonil, da 'yan'uwansa, su kuma matsa wa jiki suke yi ya fitar da insulin ko an ci abinci ko ba a ci ba, kuma suna daɗewa a jiki, don haka ga dattijon da ba ya ci suna iya faɗar da suga cikin dare ya ƙi tashi har washegari. Sababbin nan masu fitar da suga ta fitsari, irin su Jardiance da Forxiga, suna ƙara bushewar jiki, kuma suna iya jawo tsamin jini alhali mita na nuna suga bai wani hau ba, abin da ke yaudarar har ma'aikatan asibiti. Insulin kuwa linzami ne da ke hannun likita: a ƙara da rana, a rage da dare, a dakatar da na abinci idan mara lafiya bai ci ba. Camfin da ake yi cewa wanda aka fara yi wa insulin ba ya daɗewa, asalinsa shi ne ana jinkirta shi har sai abu ya ci tura, sannan a ɗora masa laifin abin da jinkirin ya haifar.

Akwai wata tambaya da nake so ka yi musu gobe: ana ba shi deksametason ko wani magani danginsa? Idan amsar eh ce, to ga rabin bayanin 23 ɗin nan. A Yunin 2020, babban gwajin da Jami'ar Oxford ta jagoranta ya nuna cewa miligiram 6 na wannan magani a kullum har zuwa kwana goma yana rage mutuwa da kashi ɗaya cikin uku ga masu korona da ke kan na'urar numfashi, da kashi ɗaya cikin biyar ga waɗanda ke kan oksijin kawai. Ga waɗanda ba sa buƙatar oksijin kuwa bai amfana musu komai ba. Magani ne mai ceton rai a inda ya dace, amma yana harba suga sama, kuma yana da wata ɗabi'a: awon asuba yakan fito da dama-dama, sai bayan azahar zuwa isha'i ka ga abin ya tashi. Wanda ke auna suga sau ɗaya da safe zai yi ta murna alhali mara lafiya yana wuni cikin 20. Idan ciwon ya buƙaci maganin, ba a hana mai suga shi, ana ba shi ne a ƙara insulin a kuma ƙara yawan awo, aƙalla sau huɗu a rana.

A nan dole in ɗan ratse, don abin yana ci mini tuwo a ƙwarya. Wannan deksametason ɗin shi ne ake zubawa cikin haɗin mura da ciwon jiki a wasu kemis, kuma yana cikin abin da ake sha don a yi ƙiba. Mutum zai sha ya ji garau kwana biyu, sugansa na can yana hawa bai sani ba. Indiya ta ga ƙarshen wannan hanya a 2021: haɗuwar korona da sugan da ba a kula da shi ba da shan irin wannan magani barkatai ta haifar da ɓarkewar wata cutar fumfuna mai cin hanci da ido har ta kai ƙwaƙwalwa, sama da mutum 40,000 aka lissafa cikin 'yan watanni, wasu sai da aka cire musu ido. Idan Baba ya sha wani haɗi a satin da ya yi a gida, ku kawo ragowar ku nuna wa likita. Ba don a yi muku faɗa ba, don a san abin da ke jikinsa. Haka ma magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikilofenak, waɗanda ke ƙara wa ƙodar da ta bushe wahala.

Shin sauko da sugan yana canza sakamako? A lardin Hubei na ƙasar Sin an duba mutum 7,337 da aka kwantar da korona, 952 daga cikinsu masu suga nau'i na biyu. Waɗanda sugansu ya tsaya tsakanin 3.9 da 10 a zamansu na asibiti, kashi 1.1 cikin 100 suka rasu, waɗanda nasu ya wuce haka kuwa kashi 11. Tazarar tana da girma, sai dai in yi maka adalci: wani ɓangare nata saboda wanda ciwonsa ya fi tsanani shi ne sugansa ke fin gagara, ba lallai sugan ne ya fara ba. Duk da haka, cikin duk abubuwan da na lissafa, shekarun Baba ba za a rage su ba, tsohuwar illar ƙoda ba za a goge ta cikin sati ba, sugan kwanakin nan shi ne abin da ke hannunmu, kuma da shi nake auna ko ana jinyar mai suga da kyau ko ana jinyar huhunsa kawai an manta da sauran jikin.

Amma kada ku matsa wa ma'aikata sai sun mayar da shi 5 kamar na mai lafiya. An gwada hakan an ga illarsa. A wani gwaji da aka wallafa a 2009 kan mutum 6,104 a ɗakunan kulawa ta musamman na Ostireliya da Niyu Zilan da Kanada, waɗanda aka matse sugansu sosai sun fi mutuwa, kashi 27.5 a kan 24.9, kuma faɗuwar suga mai tsanani ta same su fiye da ninki goma. Garin neman gira aka rasa ido. Tun daga nan abin da ake nema ga mafi yawan marasa lafiya a asibiti shi ne tsakanin 7.8 da 10, wato 140 zuwa 180 a mitar da ke ƙirga da miligiram. Don sauya ɗaya zuwa ɗaya, ka ninka da 18, kenan 23 ɗin Baba ya haura 400. Saukowa daga can ma a hankali ake yi, cikin kwana ɗaya zuwa biyu.

Faɗuwar suga ita ce abin da na fi tsoro da dare. Na taɓa zuwa kan wani dattijo wajen ƙarfe uku, 'yarsa na zaune kan tabarma a gefen gado tana yi masa fifita, ta ce mini, "Alhamdu lillahi likita, yau dai ya samu barci, har da minshari." Na taɓa goshinsa, sanyi ƙalau, rigar ta jiƙe sharkaf da gumi. Na kira sunansa, shiru. Mita ta nuna 2.1. An yi masa allurar abincin dare, tuwon kuma yana nan cikin kwano a ƙarƙashin gado, loma biyu kawai ya yi, kuma babu wanda ya faɗa wa nas. Da aka tura masa ruwan gulukos ta jijiya, ko minti biyar ba a yi ba ya buɗe ido yana tambayar hularsa. Don haka mai kwana da Baba ya riƙe wannan: gumi mai sanyi, karkarwa, surutai marasa kan gado, ko barcin da ba a iya tashinsa, a kira nas a auna. Ƙasa da 3.9 faɗuwa ce. Kuma duk lokacin da aka yi allurar abinci bai ci ba, ko ya amayar, a faɗa a lokacin.

Wani rikicin kuma na numfashi ne. Idan insulin ya yi ƙaranci sosai, jiki yakan koma ƙona kitse, sai wani guba mai suna kiton ya taru jini ya yi tsami. Jiki na ƙoƙarin fitar da tsamin ta huhu, sai mutum ya riƙa jan numfashi mai zurfi da sauri, wani lokaci da amai da ciwon ciki, bakinsa na wani ƙamshi kamar na 'ya'yan itacen da suka nuna suka wuce. Ga wanda dama yana da nimoniya, kowa sai ya ɗauka huhun ne ya ƙara lalacewa, a ƙara buɗe oksijin a bar ainihin matsalar. Gwajin kiton a fitsari ko a jini shi ke raba gardama, kuma duk mai suga da aka kwantar da awo irin na Baba ya kamata an yi masa. Jinyar wannan hali tana da wuyar sha'ani, don tsamin jini da bushewar jiki suna buƙatar ƙarin ruwa mai yawa, huhun da ya kumbura kuma ruwa kaɗan ya wuce ƙima sai ya cika. Likita na tafiya ne a kan siraɗi, yana ba da leda yana sauraron ƙirji yana duba yawan fitsari. Shi ya sa idan aka ce ku riƙa tara fitsarinsa a auna, kada ku ɗauke shi wasa, kada kuma wani ya taɓa makunnin ledar don ya ga tana tafiya a hankali.

Zuciya ma a sa mata ido. Wani bincike a lardin Ontario na Kanada da aka wallafa a 2018 ya nuna haɗarin bugun zuciya yana ninkuwa sau shida a satin farko bayan an tabbatar mutum ya kamu da infuluwenza, wato mura mai tsanani. Mai tsohon suga kuma bugun na iya zuwar masa ba tare da ciwon ƙirji ba, don jijiyoyin da ke kai saƙon zafi sun dakushe, sai dai haki da gumi da kasala. Ɗan abin da ake maƙala wa yatsa don auna oksijin shi ma ba a sakar masa ragama gaba ɗaya: a Jami'ar Michigan ta Amurka an gano a 2020 cewa cikin waɗanda ya nuna musu 92 zuwa 96, kusan kashi 12 cikin 100 na baƙaƙen fata ainihin oksijin ɗinsu bai kai 88 ba, a farare kuwa ƙasa da kashi 4. Idan lamba ta yi kyau amma kuna ganin Baba yana wahala, abin da idonku ya gani ku faɗa.

'Yan dubiya kuma, Allah ya saka musu da alheri, amma a yi musu iyaka. Wannan ya zo da lemon kwalba, wancan da fulas ɗin kunu da aka cika wa suga, wata da zuma don tari, wani da jiƙo. Kowa na cewa ɗan kurɓa kaɗan ka samu ƙarfi. Nas ta lissafa insulin a kan abincin da ta sani, ga wasu cokula goma sun shiga ta bayan fage. Mutum ɗaya ya zama shi ke kula da abin da ke shiga bakinsa, ya riƙe ɗan littafi yana rubuta lokaci da abin da ya ci da awon da aka samu. Kunu ko koko marar suga, ƙwai, farfesu, faten wake, kaɗan-kaɗan sau da yawa, sun fi kwano guda da ba zai iya gamawa ba. Kuma kullum ku yaye bargo ku duba dugadugansa da tsakanin yatsun ƙafa da gadon bayansa. Na sha ganin wanda huhunsa ya warke aka sallame shi, bayan wata guda ya dawo da gyambon dunduniya da ya samo a kan katifar asibiti, ƙafar ba ta jin zafi don haka bai yi ƙorafi ba. Matashin kai a ƙarƙashin ƙwauri, dunduniya na lilo ba ta taɓa katifa, ya isa.

Ka tambaye su kuma wane bairos ne, in an yi gwaji. Idan infuluwenza ce, akwai Tamiflu, wanda ya fi aiki in an fara cikin awa 48 amma ana ba wanda aka kwantar ko da ya wuce haka. Idan ya warke, ku yi maganar allurar rigakafin mura ta shekara-shekara da ta nimoniya da ta korona. A Ingila an bi masu suga nau'i na biyu sama da 124,000 na tsawon shekara bakwai, waɗanda suka yi rigakafin mura mutuwarsu a lokacin murar ta yi ƙasa da ta sauran da kashi 24 cikin 100. In yana da niyyar Hajji ko Umara, wannan ya ƙara zama dole, don cunkoson can ba ya barin kowa ya dawo ba tari. Ku 'ya'yansa ma ku auna naku. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon suga ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa sama da rabin masu suga a Afirka ba su san suna da shi ba, kuma da yawa a gadon asibiti irin wannan suke fara jin labari.

Ranar sallama tana da nata tarkon. Idan an daina deksametason kuma zazzaɓi ya tafi, buƙatar insulin takan faɗi cikin 'yan kwanaki, wanda ya koma gida yana yin adadin da aka yi masa lokacin tsanani zai iya faɗuwa a banɗaki. Kada ku bar asibitin sai an rubuta muku a takarda ranar da maganin zai ƙare, adadin insulin na kowane lokaci, yadda za a rage shi in awo ya sauko, da ranar da za a sake gwajin ƙoda kafin a mayar da shi kan metfomin. Ku nemi a yi masa gwajin da ke nuna matsakaicin sugan wata uku, kuma in an yi masa ƙarin jini ko yana da ƙarancinsa ku faɗa, don hakan na ɓata sakamakon. A gida a auna sau huɗu a rana a satin farko, kafin kowane abinci da lokacin kwanciya, ku tanadi tsinken gwaji isasshe tun kafin ku fito, kuma a mayar da shi ganin likita cikin sati ɗaya zuwa biyu tare da ɗan littafin nan a hannu.